Sintetik ko minaral: kurakuran baƙin mai da ke kashe injina a Legas

Duk wanda ya sayi tokunbo a Legas, tambayarsa ta farko wajen juyen baƙin mai ita ce, sintetik zai zuba, wato man da aka harhaɗa a masana'anta, ko minaral, wanda aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai. Ba daga nan ya kamata a fara ba. A fara da lambar da ke kan murfin da ake zuba mai, ko cikin littafin motar: 5W-30 ne, 0W-20 ne, ko wata. Kamfanin da ya ƙera injin ne ya rubuta ta, kuma ita ake takewa kullum a garejinmu, daga Agege har Mile 12.

Kuskure mafi muni shi ne zuba 20W-50 a kowace mota, wai ƙasarmu da zafi, mai tsinkakke na ƙasar sanyi ne. Wannan magana ta kashe injina masu yawa. Zafin injin da ke aiki yana tsayawa wajen digiri 90 zuwa 100, a Legas yake ko a Kanada, domin ruwan lagireto da tamostat ne ke riƙe shi. Lamba ta biyu, 30 ko 50, kaurin man ne a digiri 100. Ta farko mai W tana nuna saurin gudunsa idan inji ya kwana ya huce. Corolla ta 2003 zuwa 2008, 5W-30 aka rubuta mata. Camry mai inji 2.5 ta 2012 zuwa 2017, 0W-20, kusan lita 4.4. Hanyoyin mai a irin waɗannan injina sirara ne, kuma na'urar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul-bawul na inji, da matsin mai take aiki, ta wani ɗan bawul mai rariya. Ka ɗura mata mai kauri, da safe man zai makara kafin ya hau saman inji, ƙarfe na gugar ƙarfe. Daga nan sai ƙara idan an tayar, sai wutar cek-injin, sai shan fetur, a ƙarshe a ce inji ya buga. Mai motar ya koma kasuwar kayan mota ta Ladipo neman wani, alhali shi ya amince aka zuba. Haba malam, kai ka biya kuɗin motar, me ya hana ka karanta murfin?

Da ka bi lambar, rabin tambayar ta amsa kanta. 0W-20 kusan duk sintetik ne, ba ka da zaɓi. 20W-50 yawanci minaral ne, kuma yana da gidansa: tsohuwar Fijo 504, danfo, da injinan da aka ƙera da shi a zuciya. A 5W-30 da 10W-40 ne ake samun zaɓi na gaskiya, kuma a nan ni sintetik nake fifitawa, ko aƙalla semi, wato haɗin sintetik da minaral, saboda ya fi jure zafi, bai cika ƙonewa ya zama dagwalo ba. Mota mai tobo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, kuwa kada ma a yi shawara, zafin tobo yana dafa minaral.

Kuskure na biyu na masu kuɗin sintetik ne. Mutum ya ji an ce yana kai kilomita 15,000, sai ya zuba ya manta da shi shekara guda. Wannan lissafin na wanda ke gudu a buɗaɗɗen titi ne. Kai kuwa awa biyu kake yi tsakanin gadar Third Mainland da titin Ikorodu, iyakwandishan a kunne, inji na juyawa, mitar tafiya a tsaye. Kamfanin Ford yana ƙiyasta awa guda ta inji a kunne ba tafiya da kimanin kilomita 40 zuwa 50. Toyota ma da ta ba 0W-20 mil 10,000 a Amurka, ta ce a rage zuwa mil 5,000 idan mota na yawan tsayuwa a kunne. Legas ke nan kullum. Ƙa'idata: minaral kilomita 4,000 zuwa 5,000 ko wata uku, sintetik 7,000 zuwa 8,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Masu Uber da Bolt su bi mitar, kada su jira watanni, don tasu tafiyar ta fi.

Ga wani tarko a ciki: tokunbon Amurka da mil take ƙirga. Bakanike ya ce ka dawo bayan 5,000, yana nufin kilomita, kai kana kallon mita mai mil, sai ka yi kilomita 8,000 da minaral. Buɗe murfin saman irin wannan inji ka gani, baƙin dagwalo ya daskare kamar kwalta, ya toshe rariyar famfon mai. Wutar mai ta fara ƙiftawa a goslo, sai a ce suwic ne, a cire waya. Wallahi wannan ganganci ne. Wutar mai ta kama, a kashe mota nan take.

Ana cewa sintetik na sa inji yoyo. Ba ya huda komai. Dattin da ya toshe tsohon sil yake wankewa, sai ɓarakar ta bayyana. A canza sil ɗin. Idan tsohon inji ne mai datti za a mayar sintetik, ni nakan yi juye biyu na farko a kilomita 3,000 kowanne, da sabuwar filta, ban kuma yarda da ruwan filoshin na wanke cikin inji ba, yana iya ɓamɓaro dagwalo ya toshe rariya gaba ɗaya.

Mai ya yi ƙasa a hanyar Ibadan ba ka samu irin naka ba, ƙara da wanda ka samu, gaurayawa ba ta kashe inji, rashin mai ke kashewa. Sai ka yi juye da wuri.

Baƙin launi ba shi ne shaidar mai ya mutu ba, aikinsa ɗaukar datti. Amma idan ya koma launin madara bayan ka ratsa ambaliyar damina, ruwa ya shiga, kada ka tayar. Filta mai araha a kan mai mai tsada asara ce, kuma kowane juye da sabuwa. Kada a cika ya wuce layin sama na gejin awon mai, kumfa yake yi. Tsakanin layukan biyu kusan lita ɗaya ce. Maganin nan mai kauri da ake ƙarawa don hana hayaƙi ɓoye ciwon ringi kawai yake yi.

Jabu kuma ya fi addabar sintetik, saboda tsadarsa. Saya a gidan man kamfanin ko wajen dilansa, duba hatimin murfi da alamar ingancin mai ta API, SN ko SP ga motocin fetur na zamani. Tsaya a buɗe galan a gabanka, a zuba a gabanka, sannan ka huda shi kafin ka bar gareji, don da irinsa ake sake ɗura wani abu a sayar.