Yadda za ka sayi tsohon keke mai araha ka dawo kan sirdi

Na yi shekara goma sha takwas ban ɗora ƙafata a kan feda ba. Ba wai na daina son keke ba ne, rayuwa ce kawai ta zo da nata, aiki, iyali, zirga-zirga, sai na wayi gari abin da a da nake kwana da shi a raina ya zama abin da nake hange ta tagar mota. Abin da ya dawo da ni wani tsohon keke ne da na gani a jingine, tayoyi duk sun sace, sarƙa ta yi jawur da tsatsa, mai shi ya ƙagu a raba shi da shi. Na saya da kuɗin da ko gobe keken ya karye ba zai hana ni barci ba. Kwana uku ina gyara, ranar da na hau na bi wata 'yar gangara iska ta bugi fuskata wallahi sai da idona ya ciko. Yanzu guda huɗu gare ni, duka na hannu, kuma abin da na koya wajen sayensu shi nake so in ba duk wanda zuciyarsa ke raya masa ya koma.

Ka fara da na hannu, ko da kana da halin sayen sabo. Mutumin da ya daɗe bai hau ba bai ma san irin keken da jikinsa yake so yanzu ba, jikin ɗan shekara sha biyar daban na ɗan arba'in daban, in ka zuba kuɗi masu yawa a sabo ya zo bai yi maka ba sai ya koma kayan ado a lungu kana ganinsa kana jin haushi. Mai araha kuwa ba ka tsoronsa, za ka kwance shi ka ɗaure, za ka jingine shi a waje ka shiga sabgarka hankali kwance, in bai yi ba ka sayar ka nemi wani. Sannan tsarin keke bai wani canza ba tun 1885 da John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Ingila, tayoyi biyu kusan girma ɗaya da sarƙa mai juya ta baya, sai 1888 John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska. Keken da aka ƙera shekara arba'in da suka wuce, in firam ɗinsa lafiya lau, zai kai ka duk inda sabo zai kai ka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa akwai arahar da nake gudu, sabbin kekunan nan masu sheƙi da sifirin gaba da baya da giya barkatai a farashin banza. Kyan ɗan maciji ne. Nauyi kamar me, birkin ba ya saituwa, sifirin ɗin ƙarfinka kawai yake sha. Gara tsohon Raleigh ko Peugeot ko tsofaffin kekunan hawan dutse na shekarun 1990 marasa sifirin, irin su Trek da Giant da Specialized, waɗannan na hawan dutsen su na fi ba mai dawowa shawara don suna da ƙwari, tayarsu na da faɗi, kayansu kuma ba wuyar samu. Peugeot ɗin da ya tsufa sosai ka ɗan yi hattara, Faransawa a da suna da nasu awon zaren noti daban, wani lokacin sai ka sha yawo kafin ka sami abin da zai shiga.

In za ka je dubawa ka je da rana, ka riƙe alanki mai lamba 4 da 5 da 6, da ƙaramin sifana, da rula ko tef, da zare mai ɗan tsawo, da ɗan maganaɗisu in kana da shi.

Abu na farko, girma. Ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, dole a sami ɗan sarari tsakaninka da sandar sama, ko da yatsu biyu ne zuwa uku. In babu, ka haƙura komai kyansa, komai araharsa. Ana canza sirdi, ana canza taya, ba a canza girman firam.

Daga nan sai firam ɗin kansa, nan ne ya kamata ka ɓata lokacinka sosai don shi kake saye, sauran duk kayan sawa ne. Kada datti da tsatsar sama su tsorata ka, su ne ma suke sa a bar maka da sauƙi. Ka shafa yatsanka a ƙarƙashin sandunan nan biyu daidai inda suka haɗu da wuyan keke, in ka ji ƙarfen ya ɗan tattare ko fenti ya tsattsage a zagaye, to keken ya taɓa yin karo ta gaba, ka koma gefe ka kalli fok ɗin, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe tayar gaba, sau da yawa za ka ga ya ɗan lanƙwasa baya. Wannan a bar shi. Ka bi duk wuraren walda da ido kana neman tsaga siririya kamar gashi, musamman in alminiyam ne, don shi ba ya ba da sanarwa sosai kafin ya karye, kuma gyaransa ba kamar na ƙarfe ba. Maganaɗisun nan shi zai gaya maka, in ya kama ƙarfe ne, in bai kama ba galibi alminiyam ne. Na kabon kuwa ni dai ba na saye a hannu, ɓarnarsa tana ɓoyewa a ciki ido ba ya gani. Tsatsar da ta tsaya a sama ana goge ta, wadda ta kumbura fenti ko ta huda ƙarfe, musamman can ƙasa wajen da hannun feda yake juyawa inda ruwa ke taruwa, ita ce matsala.

Zaren kuma ga amfaninsa. Ka ɗaura shi a inda tayar baya take zama ta gefe ɗaya, ka ja shi ya zagaya wuyan keke ya dawo ɗaya gefen, ka ɗaure tamau, sai ka auna tazarar da ke tsakanin zaren da sandar da sirdi yake kai, dama da hagu. In sun zo daidai firam a miƙe yake. In bambancin a fili yake, keken zai riƙa ja gefe ɗaya har abada. In kuma ka ci sa'a ka ga 'yar takarda a jiki an rubuta Reynolds 531, ka san ka samu, ƙarfe ne da aka fara fitarwa a 1935 kuma an yi shekaru da dama ana ƙera kekunan tsere da shi, ga rashin nauyi ga daɗin tafiya.

Yanzu ka ɗauko alanki ka sassauta sandar sirdi ka gwada murɗa ta. Don Allah kada ka tsallake wannan. Sandar alminiyam in ta shekara da shekaru a cikin firam na ƙarfe ba giris, sai su manne kamar an yi musu walda, na taɓa shafe mako biyu ina fama da wata, mai, zafi, bugu, ƙarshe yanka ta na yi. In ba ta motsa ba a gaban mai keken, ko dai ka bari ko ka sa shi a lissafin ciniki. Haka ƙarfen da ke riƙe kan keke, shi ma ka gwada.

Sai boris, wuri huɗu ne, wuyan keke, wajen hannun feda da tsakiyar tayoyin nan biyu. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya akwai sako-sako. Ka kama hannun feda ka girgiza gefe da gefe, bai kamata ya yi motsi ba. Ka ɗaga kowace taya ka girgiza ta, sannan ka juya ta kana kallon tazarar rim da robar birki, 'yar rawa kaɗan ana gyarawa da ɗaure sifok, amma rim ɗin da ya lotse ko yake tsalle sama da ƙasa sai dai canji. Yawancin wannan giris ne da saiti ke maganinsa, ba abin fasa ciniki ba ne.

Sarƙa kuwa rula ce ke faɗin gaskiyarta. Tsakanin kowane fin, wato 'yar ƙusar da ke haɗa gaɓoɓin sarƙa, da na gaba rabin inci ne cif, don haka in ka ɗora farkon rula a tsakiyar fin ɗaya, a kan inci 12 ma dole ka tarar da tsakiyar wani fin. In ya zarce da 1/16 na inci sarƙar ta gama aiki, in ya kai 1/8 to ta riga ta cinye haƙoran baya su ma, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallakewa a kansu sai an canza duka.

Kafin ka miƙa kuɗi ka kifa keken ka duba lambarsa, yawanci tana ƙarƙashin inda hannun feda yake juyawa. In an kankare ta ko an cika ta da fenti da gangan, ko mai sayarwa ya kasa faɗa maka inda ya samo shi, ka juya ka tafi. Wani yana can yana kukan kekensa, kada kuɗinka su shiga ciki. In ka saya kai ma ka ɗauki hoton lambar ka ajiye. Kuma ka hau ka zagaya, ka gwada kowace giya, ka matse birki da ƙarfi, gani ya kori ji.

To ka kawo shi gida. Wanka tukuna, ruwa da sabulu da tsohon buroshi, kana wankewa kana ƙara gano abin da ba ka gani ba. Ni ko yaya keke ya zo min, robar birki da wayoyin birki nake fara canzawa, roba in ta tsufa takan bushe ta yi tauri ko da ba ta cinye ba, ga shi ba tsada. In rim ɗinka na ƙarfe ne mai sheƙi ka sani birkinsa ba ya kamawa sosai cikin ruwan sama, ka riƙa fara matsewa da wuri. Taya in gefenta ya tsattsage ita ma ta tafi, kuma nan mutane suke asara, kada ka je kanti ka ce a ba ka inci 26 kawai. Ka karanta lambar da ke jikin tsohuwar, za ka ga wani abu kamar 37-622, lambar ƙarshen ita ce faɗin da'irar rim daga wannan gefe zuwa wancan a milimita. 559 ta kekunan dutse ce masu inci 26, 590 ita ma ana ce mata 26 amma ba sa shiga wa juna, 622 ita ce ta kekunan titi da ake ce wa 700C, 630 ta tsofaffin inci 27, 635 kuma ta manyan kekunan da masu birkin sanda. Tsakanin 622 da 630 milimita 8 ne kacal amma ba yadda za ka yi ɗaya ta zauna a rim ɗin ɗaya. Ka duba kan tub ɗin ma, akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri, akwai irin na da, ka tabbatar famfonka yana kama shi.

Sarƙa in ba ta miƙe ba ka wanke ta da kananzir, ta bushe, ka ɗiga mai a kowace gaɓa sannan ka goge na waje da tsumma, man da ke waje ƙura kawai yake tarawa. Man fesawar nan WD-40 yana sassauta tsatsa amma kada ka dogara da shi a matsayin man sarƙa, ba ya daɗewa. In za ka cire feda ka tuna ta hagu zarenta a juye yake, inda ake ɗaure sauran nan ake kwance ta, sifana mai lamba 15 ake sa mata. Duk abin da ka kwance ka shafa masa giris kafin ka mayar, sandar sirdi ta fi kowa buƙata. Abin da ya fi ƙarfinka, kamar miƙar da rim, ka kai wa makaniken keke ka tsaya kana kallo, haka na koyi rabin abin da na iya.

Tsayin sirdi shi ke raba mai jin daɗi da mai shan wahala. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba, in ka mayar da gaban ƙafa kan feda gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Yawancin masu dawowa suna barinsa ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, bayan kwana biyu gaban gwiwa ya fara ciwo su ce ai tsufa ne, alhali sirdi ne. Akwai layi a jikin sandar da ba a so a ɗago ta ya wuce shi, ka kiyaye.

Fitar farko kada ta wuce minti ashirin, a hanya shimfiɗaɗɗiya mara cunkoso, da giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri maimakon dannawa da ƙarfi. Mazaunai za su yi tsami mako ɗaya ko biyu, kada ka yi saurin sayen sirdi mai faɗi da laushi, ka ba jiki lokaci tukuna, sannu ba ta hana zuwa. In kana da ciwon zuciya ko hawan jini ka ga likita kafin ka fara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, rabin awa sau biyar ke nan, a kan keke ba za ka ma ji wucewarsa ba. Hular kwano dai ita ka saya sabuwa, ba ka san ko ta hannu ta taɓa bugun ƙasa ba, ka ƙara da fitila fara a gaba ja a baya da ƙararrawa. A aljihu ko 'yar jaka kuma tub guda, kayan faci, famfo da alanki.

Na huɗun da nake aiki a kansa yanzu tsohon Raleigh ne mai giya uku a cikin hob, wato cibiyar tayar baya, na kamfanin Sturmey-Archer. Irin wannan hob yawanci ana buga wata da shekarar da aka ƙera shi a jikinsa, ka goge dattin za ka gani, nan za ka san shekarun keken. Nawa ya zo giya ta biyu tana zamewa, na ɗiga masa mai ta 'yar ƙofar da ke jikinsa na saita ƙaramar sarƙar da ke fitowa ta gefe, yanzu duka ukun suna shiga. Saura robar birki da nake jira, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fita da shi.