Yadda za ka yi digiri na biyu a tsaron intanet kana bakin aikinka a Abuja

Idan a banki kake aiki ko kamfanin inshora, kada rashin iya rubuta manhaja ya tsorata ka. Akwai irin wannan karatu da ake yi ta intanet wanda ya fi karkata ga shugabanci: auna haɗari, tsara kasafin kuɗin tsaro, da sanin wa za a fara kira idan ɓarayin intanet sun kutsa rumbun bayanai.

Fara da tantance makaranta. Ta gida, duba ko NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin. Hedikwatar NOUN, jami'ar karatu daga gida, tana nan Jabi, ka je da ƙafarka ka tambaya. Ta waje kuwa, tuntuɓi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kan karɓuwar takardar kafin ka biya ko dala ɗaya.

Sai manhajar karatun. Ni dai in ban ga ISO 27001 (ƙa'idar duniya ta tsaron bayanai) da darasin kare bayanan jama'a ba, ba na ba kowa shawarar shiga. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, kuma manyan kamfanoni na buƙatar jami'in da ya san dokar. Malaman Amurka da wuya su koya maka ita, kai za ka nemo ka karanta.

Lura da agogo. Lacca ta ƙarfe 6 na yamma a Niyok, sha ɗaya ce ko sha biyun dare a Kubwa, ga cunkoson hanya da sassafe. Zaɓi kwas mai lacca da aka naɗa, ka sauke ta a waya, ka tanadi inbata da layin data biyu saboda ranar jarrabawa.