Yadda ake dasa zogale a bayan gida

Masu yawan tambayata, ga yadda nake yi a nan Kubwa:

1. Jira damina ta zauna, wajen watan Mayu.
2. Saro reshe mai kauri, tsawon mita 1.
3. Haƙa rami, zurfin kamu ɗaya.
4. Gauraya ƙasar da busasshen kashin awaki.
5. Kafa reshen, ka danne ƙasar da ƙafa.

Hattara: kada ka dasa inda ruwa ke kwanciya. Gindin ruɓewa yake yi. Haka na rasa biyu bara, har yau abin na raina.

6. In ya kai ƙirjinka, tsinke kansa don ya yi rassa, kada ya zarce katanga.
7. Da hunturu, ajiye kaskon ruwa a gindinsa, kurciyoyi za su riƙa sauka da sassafe.
8. Canza ruwan kullum saboda sauro.