Yadda Za A Yi Amfani Da Agogon Hannu Wajen Gano Tasirin Barci A Kan Farfaɗiya

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa ƙarancin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana damun mutum kusan miliyan 50. Amma kowane majinyaci da yadda barci ke shafar nasa ciwon, kuma a nan ne agogo mai auna barci yake da rana.

Kafin a ɗaura shi, ya kamata a san iyakarsa. Yawancin waɗannan na'urori motsin hannu da bugun zuciya suke bi, wasu kuma, kamar Embrace ta kamfanin Empatica wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2018, suna auna canjin gumi a fata domin gane jijjigar farfaɗiya. Ba sa leƙa ƙwaƙwalwa yadda gwajin EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, yake yi. Mutum zai iya kwanciya shiru idonsa biyu, agogo ya rubuta masa barci, haka nan tashin ciwon da ba ya zuwa da jijjiga, wanda mutum kan ƙame yana kallon wuri guda, yakan wuce ba a kama shi ba.

A ɗaura agogon a hannu ɗaya kowane dare, ya zauna daidai ba ya yawo, a yi masa caji da rana. Aikin yana buƙatar watanni, domin tashi biyu ko uku ba sa isa a yanke hukunci.

Abin da aka fi sakaci da shi, kuma a ganina ya fi agogon muhimmanci, shi ne littafin rubutu. Duk lokacin da ciwon ya tashi a rubuta rana da sa'a da yadda ya zo, a kuma rubuta idan an manta shan magani, ko an yi zazzaɓi, ko an shiga damuwa, ko mace tana al'ada, domin kowanne yana iya tayar da ciwon a ɗora wa barci laifi. Tashin ciwon da dare yakan ɓace wa mai shi, saboda haka wanda yake kwana kusa da shi ya taimaka. Cizon gefen harshe ko jiƙewar shimfiɗa da safe alamu ne da za a rubuta.

Wajen kwatantawa, a duba dare biyu da suka gabaci kowane tashin ciwon, a lura da lokacin kwanciya da na farkawa tare da yawan sa'o'in. A kula sosai da wanne ya riga wanne, domin farfaɗiyar kanta tana ɓata barcin daren da ya biyo bayanta.

Kada a hana kai barci da gangan don gwaji, kada kuma a rage ko a ƙara magani bisa abin da agogo ya nuna. A kai wa likita bayanan agogon tare da littafin, kuma idan akwai munshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci a gaya masa, domin wannan matsala tana ƙara tashin ciwon kuma ana iya magance ta.