Tsawon wayar eriya in za a fita da rediyo fili

Salam 'yan uwa. Masu fita da ƙaramar rediyon magana bayan gari, don Allah ku daina yanka waya da ka.

Lissafin ba wuya, ka raba 143 da megahaz ɗin da kake so (wato lambar zangon da za ka yi magana a kai), abin da ya fito shi ne tsawon eriya mai hannu biyu a mita. A kan zangon da ake kira mita 40, wato megahaz 7.1, za ka samu waya wajen mita 20, goma kowane hannu. Zangon mita 20 kuma, megahaz 14.2, biyar-biyar ne.

Ni dai wadda na fi so ita ce waya guda mai mita 20 da ɗan ɗoriya da taransifoma 49:1 (ƙaramar na'urar da ke daidaita wayar da rediyo) a bakinta, ka ɗaura dutse a igiya ka cilla kan darbejiya ka ja, shikenan ta ba ka zangon mita 40 da 20 da 15 da 10, jaka ba nauyi. Amma in taransifoma 9:1 gare ka da tiyuna (akwatin da ke ƙara daidaita eriya da rediyo) to ka guji wannan tsawon fa, zai wahalar da tiyunar, gara mita 8.8 ko 12.5 ko 17.7, sannan ka shimfiɗa wata wayar kamar mita 5 a ƙasa.

Kuma kullum ka yanka da rara. Waya mai rigar roba takan buƙaci gajarta kaɗan, tsayin da ka rataye ta ma yana canza SWR, wato awon da ke nuna ko eriya ta dace da rediyo. Na taɓa datse tawa a tsakar gida, da na je fili sai ga ta ta yi gajere, haka na zauna ina ƙulla guntu cikin rana. Yanzu lanƙwasa bakin nake yi in ɗaure, in auna, sai ta zauna sannan in sa almakashi.