Ɗan Maradi a Ƙasar Duwatsu: Shirin Gasar Taswira da Kamfas

Mu ƴan Maradi ƙafarmu ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Daga nan har Tibiri ko Madarunfa babu abin da zai sa ka haki in ba yashi ba. To idan aka sa sunanka cikin masu zuwa horon neman hanya da taswira da kamfas, wato ƴar na'ura mai allura da ke nuna arewa, a wajen Dogon Dutsi, ko tsaunukan Adar ta Keita da Buza, ko duwatsun Damagaram, shirinka daban yake da na yaron da aka haifa can. Samarin da nake horarwa gudu ba ya ba su wuya. Abin da ke kayar da su shi ne gane tudu a kan takarda.

Wasan ya samo asali ne daga horon sojojin Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farko ta jama'a a Norwe a 1897. Za a ba ka taswira mai da'irori masu lamba. A kowace da'ira an kafa ƴar tuta mai fari da ruwan goro, ka bi su bi da bi, hanya kuwa kai ka zaɓa.

Fara da ma'auni. In an rubuta 1:10,000, santimita ɗaya a takarda mita 100 ce a ƙasa. Shuɗi ruwa, baƙi dutse da gini da hanya, rawaya fili. Fari kuma ba fili ba ne, ƙanena, daji ne mai itatuwa da ake iya gudu a ciki, kore shi ne sarƙaƙiya. Wannan da yamma ɗaya ka haddace shi.

Layuka masu launin ƙasa-ƙasa da ke kan taswira su ne aikin. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya, kuma a taswirar gasa galibi mita 5 ne tsakanin layi da layi. Inda suka matsu da juna, gangara ce mai tsanani. Inda suka ware, ƙasa ta kwanta. Ga yadda nake koyar da shi: bayan damina, gulbi ya janye, mu sauka mu tara jiƙaƙƙen yashi ya kai gwiwa, gefe ɗaya a miƙe, ɗayan a kwance, mu kwarzana masa kwari da tafin hannu. Sai a ɗauki kara a zagaye shi da zobe, tazarar yatsa huɗu sama da na ƙasa, har tsololuwa. Daga nan kowa ya tsaya a kansa ya duba ƙasa, ya zana abin da ya gani. A nan ne yaro zai gani da idonsa cewa layukan da suka ratsa kwari suna lanƙwasa su nuna sama, na doron tudu kuma su nuna ƙasa. Wanda bai riƙe wannan ba, zai hau inda ya kamata ya sauka, yana rantsuwa taswira ce ta yi ƙarya.

Sai lissafin hawa. Wani mahayin tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kafa ƙa'ida a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wato mita ɗaya ta hawa tana cin kusan abin da mita 8 ke ci a kwance. In miƙaƙƙiyar hanya za ta ratsa layi 10, hawan mita 50 ke nan, tamkar an ƙara maka mita 400. Idan ƙarin nisan zagayen bai kai haka ba, zagaya. Samari sun tsani wannan shawara, gani suke ragwanci ne. Ni kuwa da na ga mutum ya tunkari dutse gaba-gaɗi, na san a baya zai iso.

Ƙafa ma tana son nata shiri, kuma garin nan ya ba mu gangara ɗaya, wadda ta raba gari da fadama tun da ambaliyar 1945 ta kori tsohon gari zuwa tudu. Da asuba ka hau ka sauka, da jaka mai ruwa a baya, sau uku a mako, wata guda kafin tafiya. Kada ka rena saukowa, ita ce ke cin gwiwa da idon sawu. Ka kuma auna mita 100 ka ƙirga takunka, duk lokacin da ƙafar hagu ta taɓa ƙasa ɗaya ke nan. Ka sake ƙirgawa a kan gangarar, za ka ga adadin ya ƙaru. Riƙe duka biyun.

Kamfas abu ne mai sauƙi: riƙe shi a kwance, nesa da waya da wuƙa da babur, ka juya taswira har arewarta ta dace da allura, babban yatsa a kan inda kake. Idan tutar tana cikin ƙorama, kada ka nufe ta daidai. Karkata dama da gangan, in ka isa ƙoramar ka san hagu za ka bi. A lokacin hunturu hazo kan ɓoye dutsen da ka sa a ido, sai ka koma kan allura da ƙirgan taku.

Takalmi ya zama wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, mai kaushin ƙasa. Dogon wando saboda ƙarangiya da ƙaya. Kada ka zura hannu a kogon dutse, gidan kububuwa da kunama ne. Ruwa aƙalla lita 2, dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, kilishi ka bar shi sai an dawo don ƙishirwa yake jawowa. In ana iya zaɓen lokaci, Disamba ko Janairu, ban da Afrilu da zafi ke haura 40. Rataya usur a wuya, ka tambayi masu shiri ƙarfe nawa za su kwashe tutoci. Lokacin na cika ka koma ka ba da sunanka ko ba ka gama ba, in ba haka ba mutane za su kwana a daji suna nemanka.