Darasi na 7: Tarin da Ya Yi Kama da Tarin Fuka

Beriliyam wani ƙarfe ne marar nauyi, mai ƙarfi ƙwarai. Ana gauraya shi kaɗan da jan ƙarfe, a yi ƙananan sassa na kayan lantarki, da na kwamfuta, da na jirgin sama. Duwatsun ado irin su zumurrudu ma suna ɗauke da shi. Idan ƙarfen yana dunƙule, riƙe shi ba ya kawo ciwon huhu. Matsala tana farawa ne idan an wasa shi, ko an narka shi, ko an ƙone shi, ƙura da hayaƙi suka tashi, mutum ya shaƙa.

Me ya sa muke karanta wannan a Sakkwato? Saboda a cikinmu akwai 'yan gwangwan da ke fasa tsofaffin na'urori don cire jan ƙarfe. Akwai masu walda da masu narkar da ƙarfe. Akwai kuma waɗanda suka yi shekaru suna ci-rani a masana'antun kudu, suka dawo gida.

Idan ƙurar ta shiga huhu, jikin wasu mutane yana ɗaukar ta abokiyar gaba. Garkuwar jiki ta taru a kanta, sai ƙananan ƙulle-ƙulle su fito a huhu. A hankali huhun ya yi tauri: wannan shi ne ciwon beriliyam. Ba kowa ke kamuwa ba. Mutum biyu za su yi aiki wuri ɗaya, ɗaya ya kamu, ɗaya ya tsira. Kuma ciwon ba ya gaggawa. Yana iya ɗaukar shekara 10, ko 20, ko fiye, kafin ya nuna kansa.

Ga alamunsa: busasshen tari, haki, gajiya, rama, zazzaɓi da zufan dare. Magidancin da a da yake tafiya kasuwa da ƙafa, yanzu daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango, yana mayar da numfashi.

Ka lura, waɗannan alamu su ne na tarin fuka. Tarin fuka kuwa ya fi wannan ciwo yawa nesa ba kusa ba. Don haka duk wanda ya yi mako 2 yana tari, ya fara zuwa gwajin kaki. Kyauta ake yin sa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Idan gwaji bai nuna komai ba, ko an sha magani tarin bai tafi ba, sai a zurfafa bincike a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Likita zai ɗauki hoton ƙirji. Zai sa ka hura iska cikin wata na'ura don ya auna ƙarfin huhunka. Akwai gwajin jini na musamman, inda ake haɗa fararen ƙwayoyin jininka da beriliyam a ga ko za su hayayyafa. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma akan maimaita shi don a tabbatar. Wani lokaci ana zura siririn bututu ta hanci ko baki zuwa huhu, a ciro ɗan tsokar da za a duba.

Amma a ganina, gwajin da ya fi kowane muhimmanci yana bakinka. Hoton ƙirji ba zai faɗi aikin da ka yi ba. Akwai wani ciwo, sakoyidosis, da ke kama da wannan har a idon ƙwararru. Tarihin aiki ne ke sa likita ya yi tunanin beriliyam. A 1946 wata likita a Amurka, Harriet Hardy, ta gano ciwon a jikin ma'aikatan da ke ƙera dogayen ƙwayayen lantarki, domin ta bi diddigin aikinsu. Daga baya aka ga har iyalan da ke wanke tufafin ma'aikata sun kamu. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ƙurar ce ake kawowa gida. Uwargida, idan ke ce ke kakkaɓe rigar aikin maigida, ki faɗa wa likita.

Ba a warkewa sarai, amma akwai magunguna irin su firedinisolon da ke sassauta kumburin huhu. Kada ka saye su da kanka a kemis. Suna rage garkuwar jiki, idan kuwa tarin fuka ne ke damun ka, za su ƙara masa ƙarfi.

Aikin gida: ka ɗauki takarda, ka rubuta duk aikin da ka taɓa yi, da garin, da shekarun. Ka rubuta ko akwai ƙura ko hayaƙi, da ko kana rufe hanci. Ka zo da ita aji gobe mu gyara rubutun tare, sannan ka ajiye ta tare da katinka na asibiti.